Ko Ɗibar Wuta Sai da Sallama

A zamanin iyayenmu, in mutum ya yi niyyar tafiya, abubuwa uku ne yake tunani: guzuri, ruwan sha, da wurin kwana. A yau an samu ƙarin na huɗu. Matafiyi bai ma gama sauke buhunsa a tasha ba, sai ka ga ya zaro salula, ya ɗaga ta sama, yana tambayar na kusa da shi: "Malam, akwai wifi a nan? Ka san kod ɗin?" Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1, daga Tasawa ya ratsa Gazawa da Agye, ya wuce Maraɗi da Gidan Rumji har Ƙonni, ya ga wannan da idonsa. Da dare kuma sai ka tarar da samari jingine da katangar wani ofis ko wani otel, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ba mai ce wa wani uffan. Intanet ɗin mai wurin ce ta tsallako katanga, su kuwa suka zo tarba, kamar masu tarbar ruwan indararo.

Wannan ne ya kawo tambayar da nake so mu duba tare. Mutumin da ya yi amfani da wifi na wani, bai biya ko dala ba, mi za mu ce ya yi? Kyauta ya ci, tsintuwa ya yi, ko kuwa sata? Waɗansu za su ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Amma a ƙananan abubuwa ake fara ganin halin mutum. Kuma maganar tana da fuska biyu. Akwai abin da ke kan matafiyi, akwai kuma abin da ke kan mutanen garin da ya sauka.

Abin da ya sa matafiyi ke nema

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu ji uzurin mai nema. A ƙaramar hukumar Gangara, kamar sauran ƙauyukan jahar Maraɗi, da zarar an gama girbin hatsi da wake da gyaɗa, an rufe rumbu, sai samari su kama hanyar cin rani. Waɗansu su nufi Maraɗi ko Yamai, waɗansu Katsina, Kano ko Ikko, waɗansu Agadas da Libiya. Tun shekarar 2014 da aka ga zinariya a Jado, waɗansu can suka mai da alƙibla. Daga Maraɗi zuwa Yamai kaɗai tafiyar ta fi kilomita 600. Duk tsawon wannan hanya, a gida akwai uwa da ta kasa barci, akwai mata da ke jiran ta ji an sauka lafiya.

A da, sai a yi wata da watanni ba a ji ɗuriyar mutum ba, sai in wani ya dawo da saƙon baki ko da wasiƙa. Yanzu murya ɗaya ta WhatsApp ta isa ta kwantar da hankalin gida. Ta wayar nan ake sanar da iyali cewa an aiko kuɗi ta Nita, ko Amana, ko Al Izza. Ta nan ake jin haihuwa da rasuwa. Ta nan wanda ya riga ka sauka a birni yake kwatanta maka unguwar da za ka same shi.

To, amma mega ɗin da aka saya kan ƙare a tsakiyar hanya, inda babu mai sayar da kiredi, ko kuwa a lokacin da aljihu ya bushe. In kuma mutum ya ƙetare iyaka ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya, layinsa na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, ko dai ya daina aiki, ko kuwa ya koma da tsada. In ya ce bari ya sayi layin Najeriya, sai a tambaye shi lambar shaidar ɗan ƙasa, domin tun ƙarshen 2020 hukumar can ta ce dole a haɗa kowane layi da wannan lamba. Ke nan ba duk mai neman wifi ne makwaɗaici ba. Da yawansu ƙishirwa ce ta gaske ta kai su.

Mine ne wifi?

Ba a hukunci a kan abin da ba a sani ba, saboda haka bari mu fara sanin abin. Sunan nan wifi ya fito ne a shekarar 1999. Abin da ke bayansa wani ɗan akwati ne da ake ajiyewa a ɗaki. Akwatin yana karɓo intanet daga kamfani, ta igiya, ko ta layin salula, ko ta tauraron ɗan'adam, sa'an nan ya watsa ta cikin iska, irin yadda gidan rediyo ke watsa magana. Sai dai shi muryarsa ba ta da nisa. Ba ta wuce faɗin ƴan gidaje ba, katanga ma tana rage mata ƙarfi. Tun watan Maris na 2025 da kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijar da izinin hukuma, akwatin ya fara kaiwa garuruwan da igiya ba ta taɓa zuwa ba. Shi ya sa ake ganin masu sana'ar sayar da tikitin wifi, na awa ɗaya, na yini, ko na mako.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, bayan kowane akwati akwai wani mutum da ke biya. Shi ya sayi akwatin. Shi ke biyan kamfani kowane wata. Shi ke biyan wutar lantarki, ko kuwa ya sayi farantin hasken rana da batir. Akwai wanda mega ɗinsa ƙirgaggu ne, in sun ƙare sai ya sake saye. Akwai wanda nasa ba a ƙirgawa, amma shi ma hanyar tana da iyakar faɗinta. Kamar bakin rijiya ne: in guga ya yi yawa, sai igiyoyi su sarƙe, kowa ya daɗe bai cika tulunsa ba. Gaskiya ne iska ce ke ɗauko wifi, iska kuwa ta Allah ce, ta kowa ce. Amma abin da ta ɗauko yana da mai shi.

Wuta, randa da rumbu

Kakanninmu ba su san wifi ba, amma sun san zaman maƙwabtaka. In muka duba al'adarsu, za mu ga sun kasa kayan maƙwabci kashi uku.

Na farko shi ne wuta. In wutar murhu ta mutu, uwargida kan aiki yarinya da tsingaro ta ɗebo garwashi a maƙwabta. Mai wutar ba ta rasa kome ba, tuwonta zai nuna kamar yadda zai nuna. Babu wadda ke sayar da garwashi, wadda ta hana kuwa ta zama abin faɗi a unguwa. Amma ku lura da abu guda. Yarinyar ba ta keta darni ta shiga ta baya. Ta ƙofa take bi, ta yi sallama, ta ce, "Wai in ji inna, a sam mata wuta." Garwashi ba ya da tsada, amma gida yana da alfarma. Shi ya sa abin da ba ya raguwa ma sai an yi masa sallama.

Na biyu shi ne randa. Ita ce wadda mai gida ke girkewa a ƙofar gida ko a gindin itace a bakin hanya, da moɗa a kanta. Ita wannan ba a tambaya, domin fitar da ita waje da aka yi shi ne izinin. Amma ruwanta yana raguwa. Wani ne ya ja shi daga rijiya mai zurfi, ko ya saya wurin ƴan ga-ruwa. Saboda haka tana da nata ladabi: ka sha, ka rufe, ka mai da moɗa, ka yi wa mai ita addu'a. Wanda ya zo da jarka ya juye randar, ko ya wanke babur ɗinsa da ita, ba za a kai shi gaban alƙali ba, amma kowa ya san ya ci haƙƙin wanda zai zo a bayansa.

Na uku shi ne rumbu. Yana tsaye a fili, wani lokaci ma a bayan gari, babu mai gadi. Rashin mai gadi bai mai da shi na kowa ba. Wanda ya buɗe shi ba da sanin mai shi ba ɓarawo ne, ko da dami ɗaya ya ɗauka cikin ɗari.

Malaman fiƙihu ma kusan hanyar nan suka bi. Sun karantar da cewa ruwan gulbi, da ciyawar daji, da wuta, mutane sun yi tarayya a kansu. Amma ruwan da mutum ya wahala ya ɗebo ya zuba a tulunsa ya zama nasa, in ya so ya sayar, in ya so ya bayar.

To, a wane kashi wifi yake? Amsa ita ce, yana cikin duka ukun, ya danganta da abin da mai shi ya yi da shi. Wifi na tasha, ko na otel, ko na gidan abinci, wanda aka rubuta kod ɗinsa a bango domin masu zuwa, randa ce. Ka sha, kada ka juye. Wifi na mai shago ko na mai gida, wanda yake zaune kana ganinsa, wuta ce. Ka yi sallama ka roƙa, sau da yawa za a ba ka. Wifi na ofis, ko na asibiti, ko na mai sayar da tikiti, wanda aka samo kod ɗinsa ta leƙe ko ta dabara, rumbu ne. Mai akwatin da ya sa kod ya riga ya yi magana, ko da bai buɗe baki ba. Cewa ya yi, a bi ta ƙofa.

Saura wanda aka tarar a buɗe, ba kod, ba kuma sanarwa. Wannan yana iya zama randa, yana kuma iya zama ƙofar da mai gida ya manta bai rufe ba. Wanda ya ga ƙofar zaure a buɗe ba ya cewa an gayyace shi cin tuwo. In mai wurin yana kusa, tambaya ba ta cin kome.

Hujjojin masu cewa ba laifi

Masu jingina da katanga suna da hujjojinsu, kuma adalci ne mu saurare su.

Hujja ta farko, sukan ce: "Ai ban shiga gidansa ba. Abin ne ya fito ya same ni a titi, kamar muryar rediyonsa." Wannan magana tana da daɗin ji, amma wifi da rediyo ba ɗaya ba ne. Mai jin rediyon maƙwabci kunne kawai ya kasa, bai taɓa kome ba. Mai amfani da wifi kuwa, wayarsa ce ke aika umarni cikin akwatin, akwatin ya tafi ya ɗauko masa abin da yake so, a rubuta a lissafin mai gida. Daidai yake da ka tsaya a waje ka kira yaron gidan, ka aike shi kasuwa da kuɗin ubansa. Ƙafarka ba ta shiga ba, amma hannunka ya shiga.

Hujja ta biyu, sukan ce: "Ai ba ya raguwa. Kuma mai kuɗi ne, ba zai ma ji ba." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ɗauka asibitin ƙauye ne. Malamin asibiti yana so ya aika rahoton wata, ko ya nemi magani daga gunduma, ko ya tura hoton wata takarda ga likita a Maraɗi. A bayan katanga kuwa mutum goma suna sauke fim. Saƙonsa zai yi ta juyi ba ya tafiya, shi bai san dalili ba, su ma ba su san wa suka tsare ba. Ban da wannan, duk abin da aka aikata ta cikin akwati, sunan mai akwatin yake ɗauka. In wani ya zagi wani, ko ya damfari wani, ƙofar mai akwatin bincike zai fara ƙwanƙwasawa. Ita ma hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba: dokar da Nijar ta kafa a 2019 a kan laifuffukan intanet ta lissafa shiga na'urar wani ba da izini ba cikin abubuwan da ake hukuntawa.

Hujja ta uku, sukan ce: "Ai ni ban sata ba. Mai gadi ne ya ba ni kod," ko kuwa, "Abokina ne ya ba ni." To, shi mai gadin wa ya ba shi izinin bayarwa? Kyauta da kayan wani ba kyauta ba ce. Kod amana ne. In mai shago ya ba ka, kai ya ba, bai ba ƴan motarku duka ba. Mun san yadda abin ke ƙarewa. Ka ba mutum ɗaya da safe, kafin magariba mutum ashirin sun samu. Mai shago ya ga abin ya yi nauyi, ya canza kod, ya rantse ba ya ƙara ba kowa. Gobe baƙo na gaske ya zo da buƙata ta gaske, a ce masa babu. Wa ya hana shi? Ba mai shagon ba ne, wanda ya fasa randar ne. Akwai ma waɗansu manhajoji da ake sa wa waya, masu alƙawarin buɗe wifi na mutane. Yawancinsu ba wata ƙwarewa suke da ita ba. Kod ɗin da ke cikin wayoyin masu amfani da su suke tarawa, su raba wa juna. Wato wanda ya sa irin wannan manhaja yana iya miƙa makullan duk gidajen da suka amince da shi, bai ma sani ba.

In larura ta zo

Akwai wata tambaya da ta fi waɗannan wuya, kada mu guje mata. Mu ɗauka mota ta lalace da tsakar dare tsakanin Agye da Gazawa. A ciki akwai mace da yaro marar lafiya, tana so ta sanar da mijinta inda take. Mega sun ƙare, masu kiredi sun tashi. Ga wani shago a rufe, akwatinsa yana aiki, ga wani yaro ya san kod. In ta aika saƙonta, ta yi laifi?

A ganina ba ta yi ba. Duk wanda ya san shari'a da al'ada ya san larura tana buɗe ƙofar da ke rufe. Mutumin da ƙishirwa ta kusa kashewa, in ya sha daga tulun wani, babu mai hankalin da zai kira shi ɓarawo. Amma larura tana da ma'auni. Ya sha ne ya kashe ƙishi, bai ɗauki tulun ya tafi da shi ba. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai mega ɗaya ba, fim ɗaya kuwa yana cin mega ɗaruruwa. Wadda ta aika saƙo ta rufe, larura ce ta sa ta. Wanda ya kwana yana kallon wasan kwaikwayo, kada ya ɓuya a bayanta.

Ga wani ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya ɗauka a aljihu. Ka tambayi kanka: in gari ya waye mai akwatin ya zo, zan iya duban idonsa in gaya masa abin da na yi? Matar nan za ta iya. Za ta ce, "Malam, jiya mun shiga wahala, na yi amfani da naka na kira gida, Allah ya saka da alheri." Da wuya ka ga wanda zai yi fushi da wannan. Amma wanda in ya hango mai shago sai ya tura waya cikin riga ya kau da kai, to, zuciyarsa ta riga ta yanke masa hukunci.

Haƙƙin baƙo

Yanzu bari mu juyo ga mutanen gari, domin in maganar ta tsaya a kan matafiyi kaɗai, an yi rabin adalci ke nan. Mu ne muke cewa baƙonka annabinka. Fataken da suka bi hanyar goro zuwa Salaga da Kumasi ba su kai can da guzurinsu kaɗai ba. A kowane zango akwai mai masauki da ke ba su ɗaki, ya nuna musu rijiya, ya haɗa su da masu saye. A cikin mutane kashi takwas da ake ba zakka kuwa, akwai matafiyin da guzurinsa ya yanke, ko da mai dukiya ne a garinsu. A zamanin nan, yankewar magana da gida wani yanki ne na yankewar guzuri. Garin da ke da akwati goma, duk a kulle, baƙo ya kwana bai iya cewa gida "na sauka lafiya" ba, bai kyauta ba, ko da babu dokar da ya karya.

Kuma girka randar zamani ba ta da wuya. Yawancin akwatunan nan ana iya buɗe musu ƙofa ta biyu, ta baƙi, dabam da ta mai gida, a ƙayyade mata ƙarfi yadda za ta isa aika saƙo ba tare da ta tsare aikin mai ita ba. Masu motocin da suka karɓi kuɗin fasinja, ya dace su tuna da shi a wurin jira. Ƙungiyoyin ƴan cin rani da ke haɗa kuɗi su gyara masallaci ko rijiyar garinsu, suna iya tunanin akwati ɗaya a tasha ko a bakin kasuwa. Mai sayar da tikiti kuwa sana'arsa halal ce, kamar ta ɗan ga-ruwa, kada a yi masa hassada, kada kuma a cuce shi da raba tikiti ɗaya tsakanin mutum biyar. Amma ɗan ga-ruwa na kirki ba ya hana tsoho mai ƙishirwa moɗa guda. Minti goma ga wanda aka yi wa sane a mota ba zai karya jari ba.

Kada kuma wani ya ce, "Ni ba ni da akwati, maganar ba ta shafe ni ba." Wayar da ke aljihunka, in tana da mega, tana iya raba wa ta kusa da ita, kamar ƙaramin akwati. Ke nan kowannenmu mai randa ne wata rana, mai ƙishirwa ne wata rana. In za ka ba da, ka ba da ba gori. In ba za ka iya ba, ka faɗa da magana mai daɗi, domin hani da fara'a ya fi kyauta da wulaƙanci.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi lafiyar matafiyin kansa. Ba kowace randa ce aka girka domin Allah ba. Kowa yana iya buɗe wifi ya raɗa masa sunan da ya ga dama. Macuci yana iya zama a tasha, ya sa wa nasa sunan tashar, ya bar shi a buɗe. Wanda ya shiga, sai wani shafi ya fito yana cewa ya rubuta lambar wayarsa, da lambar sirrin da za a aiko masa. Tun shekarar 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni yadda mai akwati ba ya iya karanta su a hanya. Saboda haka macuci ba ya wahalar fasa ƙofa, makullin yake roƙa. Lambobi shida ɗin nan da WhatsApp ke aikowa, su ne makullin. Wanda ya miƙa su, an ƙwace masa suna. Kafin ya farga, an aika wa ƴan'uwansa cewa ya yi haɗari a hanya, a turo kuɗi da gaggawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A nan ma sallamar nan ce magani. Wanda ya je wurin mai tasha ya ce, "Ranka ya daɗe, wanne ne naku?" ya tsira daga na jabu. Wanda ya shiga a ɓoye kuwa ba ya da wanda zai tambaya. Ashe ladabin da ke kare haƙƙin mai akwati shi ne kuma ke kare dukiyar matafiyi. Sai a riƙe abubuwa uku. Na ɗaya, a tambayi sunan wifi daga bakin mai wurin. Na biyu, kada a rubuta lambar sirri ta kuɗi ko ta WhatsApp a shafin da ba a sani ba, kada kuma a faɗa wa kowa ita. Na uku, aika kuɗi a bari sai an samu layin kai.

Wanda bai iya karatu ba, shi ya fi kowa shiga haɗari a nan. Kod ɗin wifi baƙaƙe ne da lambobi, takwas ko fiye. In bai iya rubuta su ba, dole ya miƙa wayarsa ga wanda bai sani ba, ya tsaya yana kallo, bai san inda aka shiga ba. A da, mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya san asirin kowa, amma ɗan gari ne, an san shi, an san gidansu. Yaron da ka haɗu da shi a tasha, gobe ba ka ƙara ganinsa. Shi ya sa a ajinmu na yaƙi da jahilci, ranar da magidanci ya iya kwafe baƙaƙe takwas daga bango zuwa wayarsa da hannunsa, nakan ce masa ya samu wani guzuri da ba ya ƙarewa a hanya.

To, ƴan'uwa, mun ga cewa na'ura sabuwa ce, amma tambayar tsohuwa ce, kuma amsarta tana nan cikin tarbiyyar da muka tashi da ita. Kai matafiyi, in randa ce ka sha ka rage wa na baya, in wuta ce ka yi sallama, in rumbu ne ka kau da kai. Kai kuma mai gida, kada ka mai da kome naka rumbu, ka fitar da randa ko da ƙarama ce, domin ɗanka ma yana kan wata hanya, yana neman wanda zai ba shi minti biyu ya kira ka. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.